Hattara Da Masu Maganin Rage Tumbi A Wannan Hunturu

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana manoma da 'yan tireda da masu kasa kaya a kasuwannin ƙauye, game da wani abu da yake cin kuɗinmu da lafiyarmu duk shekara da zarar hunturu ya kama. Ni dai manomi ne, idan an kawar da amfanin gona kuma ina taɓa sayar da hatsi da ɗan kayan tireda. Karatuna bai wuce firamare ba, amma ina sauraron rediyo, ina tambayar ma'aikatan asibiti, kuma Allah Ya ba ni ido ina ganin abin da yake faruwa.

Maganar ita ce ta ƙiba da tumbi, da masu maganin da suke cewa za su narkar da shi cikin kwana bakwai. Duk mai cin kasuwar mako ya san su. Za ka ga mota an ɗaura mata lasifika, an baza kwalabe da ƙullin ganye a kan but, ga hoton wani ƙato da tumbi kamar tulu, ga kuma hotonsa wai bayan ya sha magani ya koma kamar sanda. Yanzu ma har cikin wayoyinmu suke biyo mu da talla. Ku lura da kyau, ba sa yawaita sai bayan kaka, domin sun san lokacin ne kuɗi yake hannun talaka. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Kafin in zo kan maganin nasu, bari mu fara da tambayar da kowane manomi ya san amsarta. Yaya ake sa rago ya yi ƙiba kafin Babbar Sallah? Ai turke shi ake yi wuri guda, a hana shi yawo, a tara masa harawa da dusa da ƙaiƙayin wake, ya ci ya kwanta, ya tashi ya ci. Cikin wata uku sai ka ga ya cika ya batse. Shi kuwa ɗan'uwansa da yake bin garke daji tun safe har yamma, ko kusa ba zai yi wannan kitse ba. To jama'a, abin da muke yi wa ragon layya shi da yawa daga cikinmu muke yi wa kanmu daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu. Da damina mutum yana duƙe da fartanya tun asuba, gumi yana zuba. Ana gama girbi sai ya koma kan benci a bakin shago ko gindin bishiya a majalisa. Sanyi yana ƙara masa cin abinci, ga kuɗi a aljihu, ga bukukuwan aure a jere, ga mai shayi da mai tsire da mai ƙosai duk a kusa. Ko masallacin Juma'a da yake nan bayan kasuwa sai an hau babur. Mun turke kanmu da kanmu, sannan muna mamakin inda tumbi ya fito.

Na san wani zai ce, malam, ana fama da abin da za a sa a baki kai kana zancen ƙiba? Gaskiya ne, akwai gidaje da yawa da damuwarsu ita ce yunwa, kuma Allah Ya kawo mana sauƙi. Amma ku duba cikin kasuwa ku gani. Dillalai, da masu shaguna, da direbobi, da matan da suke sana'a a zaune, nawa ne a cikinsu suke shan maganin hawan jini ko na ciwon suga? Nawa muka kai asibiti da shanyewar ɓarin jiki, alhali ba su kai shekara 60 ba? A da muna cewa ciwon masu kuɗi ne na birni. Yau ya shigo ƙauye, har gida guda za ka tarar da yaro mai tamowa da uba mai tumbi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022, mutum ɗaya cikin kowane 8 a duniya yana ɗauke da ƙibar da ta wuce kima. Mu kuma a nan har kirari muke yi wa mai tumbi, muna cewa Alhaji hutu ya karɓe shi. Ranar da ya faɗi, shanun noma da gonar gado ake sayarwa a biya kuɗin asibiti.

Yanzu sai maganin bayan mota. Yawancin shayin rage ƙiba da ake tallarsa, aikinsa shi ne ya sa mutum zawo ko yawan fitsari. Akan haɗa shi da ganye irin filasko, wanda kakanninmu ma sun san shi da wanke ciki. Mutum zai kwana biyu yana zarya bayan gida, cikinsa ya lafe, ya hau sikeli ya ga ya ragu, ya ce magani ya yi aiki. Alhali ruwan jikinsa ne ya tsiyaye, kitsen yana nan daram. Da ya ci ya sha na kwana uku sai nauyin ya dawo. Kuma fa a lokacin hunturu ake wannan ganganci, lokacin da iska da kanta take busar da jikin mutum. Akwai wani maƙwabcina a kasuwa da ya ba da kuɗin da ya kai na kwanon gero uku ya sayi irin wannan ƙulli. Kwana huɗu yana sha, a na biyar sai a kan gadon asibiti ana yi masa ƙarin ruwa, shago a rufe har mako guda. An ce wani ya je neman ƙiba ya samo rama, shi kuwa neman ramar ya je ya samo jinya.

Wani abin ma ya fi wannan muni. Akwai wani maganin Bature mai suna sibutiramin da ake bai wa masu ƙiba a da. A shekarar 2010 aka janye shi daga kasuwa a Amurka da ƙasashen Turai, saboda an gano yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar jiki. Amma bayan haka hukumomi a ƙasashe daban-daban sun sha kama shi an ɓoye a cikin shayi da ƙwayoyin da aka rubuta musu wai ganye ne zalla. To mai hawan jini da ya sha irin wannan bai sani ba, ina labarinsa? A nan Nijeriya muna da hukumar NAFDAC tun 1993, kuma ya kamata kowa ya duba lambarta a jikin abin da zai saya. Sai dai a sani, lambar da ake bai wa maganin gargajiya a matakin farko shaida ce ta cewa an duba shi ta fuskar cutarwa, ba ta nufin duk abin da mai lasifika yake faɗa gaskiya ne. Wanda kuwa aka ƙulla a leda babu suna babu lamba, wannan sai dai a ce Allah Ya kiyaye.

Haka kuma ta ɗaya gefen, 'yan'uwanmu mata da suke shan ƙwayar nan da ake kira sha-ka-fashe don su yi ƙiba kafin biki, su ma su ji tsoron Allah su tausaya wa jikinsu. Kumburi take sawa, kuma tana iya jawo ciwon suga da hawan jini. Mai sayar da na ƙiba da mai sayar da na rama duk jirgi ɗaya ya kwaso su, aljihunmu suke so.

To mene ne abin yi? Da farko mutum ya san ko yana da matsalar ma tukuna, kuma wannan ba ya bukatar sikeli. Ka samo igiya ka auna tsawonka daga tafin ƙafa zuwa tsakar ka, ka yanke. Ka ninka ta biyu, ka zagaya ta a cikinka daidai wajen cibiya ko sama da ita kaɗan. Idan bakin igiyar biyu sun haɗu, to alhamdu lillahi. Idan sun kasa haɗuwa, to kitsen ciki ya fara yawa. Ƙa'idar da likitoci suke bayarwa ke nan, wato kada faɗin zagayen cikin mutum ya wuce rabin tsawonsa. Ka rataye igiyar nan a ƙusa, duk ƙarshen wata ka sake gwadawa.

Na biyu shi ne suga, kuma ni da nake auna shi ina sayarwa nake faɗa muku. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa abin da ya fi wa babban mutum shi ne kada sugan da yake sha a yini ya wuce giram 25, wato kamar ƙaramin cokalin shayi 6. Yanzu mu yi lissafi irin na kasuwa. Koko da safe an zuba cokali uku. Shayin hantsi cokali huɗu, ban da madarar gwangwani mai zaƙi. Fura da rana an zuba. Shayin dare saboda sanyi an sake zubawa. Idan kuma aka yi baƙo aka sayo lemon roba, to babbar roba ɗaya ta irin baƙin lemon nan tana ɗauke da suga wajen giram 50, ninki biyu ke nan na abin da aka ce a sha a yini. Har gwamnatin tarayya ta fara karɓar harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan lemuka a 2022, amma bai hana mu sha ba. Ba na cewa a daina shan shayi a wannan sanyi. A rage cokali ɗaya wannan mako, a sake rage ɗaya mako mai zuwa, harshe zai saba. A dafa citta da kanumfari da na'a-na'a, a sha zoɓo ko tsamiya ba tare da an cika musu zaƙi ba. Masu cewa sun bar suga sun koma zuma su sani ita ma zaƙi ce, idan aka kwarara ta da yawa duk kanwar ja ce. Ruwan zafi da lemon tsami da safe kuma yana da daɗi a maƙogwaro, amma ba ya narkar da kitse kamar yadda ake yaɗawa.

Na uku shi ne mai da gishiri. Mai ya fi tuwo sa ƙiba nesa ba kusa ba, domin ƙarfin da yake cikin giram ɗaya na mai ya ninka na giram ɗaya na garin hatsi fiye da sau biyu. Saboda haka shinkafa da wake da aka yi wa ambaliyar mai, da soyayyar doya, da fanke, da taliyar leda da ƙwai da tsakar dare, su ne harawar da muke tara wa kanmu. Gishiri kuwa, abin da aka ce ya ishi mutum a yini bai kai giram 5 ba, kamar ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda yake cikin dunƙulen miya na kanti da yajin tsire. Uwargida ta rage dunƙule ta ƙara daddawa da albasa da tafarnuwa, miya za ta yi daɗi. Wannan ya fi muhimmanci a yanzu, domin jinin mutum ya fi hawa a lokacin sanyi.

Na huɗu, mu koma rumbunmu. Abin da Allah Ya hore mana a wannan lokaci ya fi duk abin da yake cikin kwalbar mai lasifika. Tuwon dawa ko na gero da ba a surfe shi ya yi fari fat ba ya fi riƙe ciki a kan burodi da farar shinkafa, mutum ba zai yi saurin jin yunwa ba. Ga wake sabo ya shigo, a yi ɗanwake, a yi alala, a yi faten wake da alayyafo. Ga kwaɗon zogale da na rama da ƙuli-ƙuli, ga miyar kuka, ga kuɓewa, ga kabewa. Kuma hunturu shi ne lokacin lambu. Duk wanda ya bi ta Kura ko Kadawa ko Kwanar Gafan a ƙasar Kano idan kayan noman rani sun fara fitowa, zai ga tumatir da albasa da sauran kayan miya har sun fi ƙarfin masu saye. Ga karas, ga kabeji, ga latas, ga lemon zaƙi, ga magarya da goruba na taunawa. Dabarar ita ce a rage malmalar tuwo, a ƙara miya da ganye. Mai cin malmala uku ya koma biyu. A ci abincin dare da wuri, kada a cika ciki a faɗa kan katifa nan take. Malamanmu ma kullum suna yi mana wa'azi a kan illar cika ciki.

Na biyar, a tsinke igiyar turke. Shawarar masana ita ce babban mutum ya samu aƙalla minti 150 a mako yana motsa jiki, wato rabin awa sau biyar. Wannan ai ba sai an sayi komai ba. A bar babur a gida a taka zuwa kasuwa ko masallaci. A hau keke. Mai gona ya fara kai taki tun yanzu, ya tattara kara, ya gyara danga da rumbu, mai fadama ya shiga lambu. Mata a cikin gida ga daka, ga shara, ga jan ruwa, ga zagaya tsakar gida, kuma magidanta su ƙarfafa musu gwiwa maimakon dariya. Kada wani ya raina wannan. A Amurka an yi wani bincike da aka bayyana a 2002 a kan mutum fiye da 3,000 da suke gab da kamuwa da ciwon suga. Waɗanda aka sa su gyara cin abinci, su yi tafiyar minti 150 a mako, su nemi rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100, har sun fi waɗanda aka bai wa ƙwaya. Mai kilo 100 ke nan ya rage kilo 7 kacal. Kuma rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako ya isa. Sannu ba ta hana zuwa.

Sai dai motsa jiki a hunturu yana da nasa ladabi. Ƙurar nan da take rufe mana rana, yawancinta daga hamadar arewacin Chadi iska take kwaso ta, kuma laushinta ya sa tana shiga har cikin huhu. A bari sai hantsi ya ɗaga ko bayan la'asar. Ranar da hazo ya yi kauri a rufe hanci da rawani ko gyale ko takunkumin nan da muka saba da shi lokacin korona a 2020. Mai asma kada ya rabu da abin shaƙarsa. A riƙa shan ruwa ko ba a ji ƙishirwa ba, domin sanyi yana ɓoye ƙishi, alhali jiki yana bushewa. A shafa man kaɗe a ƙafa da leɓe saboda faso da kaushi.

Mu kuma kula da na ƙasa da mu. Yaran da suke da sikila sanyi da rashin ruwa a jiki suna tayar musu da ciwo, a rufe su da kyau, a yi musu wanka da ruwan ɗumi idan rana ta fito, a ba su ruwa a kai a kai. Yaron da yake tari yana numfashi da sauri, ko ka ga haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki, wannan ya wuce mura, a garzaya da shi asibiti. Sannan ina roƙon jama'a da babbar murya, kada a kwana da kaskon gawayi a ɗaki a rufe. Garwashi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana barci za ta kashe shi, haka ma hayaƙin janareta. A ɗumama ɗaki, a fitar da wutar, a kashe ta kafin a kwanta, a bar 'yar kafar da iska za ta shiga. Yin haka yana kuma rage gobarar da take cinye gidaje da kasuwanni a wannan lokaci. Kada mu manta cunkoso a ɗaki marar iska da busasshiyar ƙura su ne abokan sanƙarau. Waɗanda suka yi wayo a 1996 sun tuna yadda ta kashe mutum fiye da 11,000 a ƙasar nan. Duk lokacin da aka zo rigakafi a fito da yara.

Akwai kuma waɗanda wannan magana ta rage ƙiba ba ta shafe su ba sam. Mace mai ciki, da mai shayarwa, da yara masu tasowa, da tsoho mai rauni, su abinci suke bukata. Wanda yake shan maganin suga ko na hawan jini kada ya ajiye shi don ya fara tafiya da cin zogale, ya koma wajen likitansa a auna shi tukuna. Wanda kuma ya ga yana ramewa haka kawai ba tare da ya rage komai ba, kada ya yi murna. Idan da yawan ƙishirwa da fitsari, a auna suga. Idan da tarin da ya wuce mako biyu da gumin dare, a je a gwada tarin tibi, gwaji da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da aka ware.

A ƙarshe ina kira ga sarakunan kasuwa da masu unguwanni da su riƙa tambayar masu motar magani takardunsu kafin a ba su wurin tsayawa. Ina kira ga hukuma da ta riƙa leƙowa kasuwannin ƙauye, kada aikinta ya tsaya a birni. Gidajen rediyo su ma su dubi Allah su tace irin tallar da suke karɓa, domin talaka yana ɗaukar duk abin da ya ji a rediyo gaskiya ne. Ƙananan hukumomi su sa ma'aikatan lafiya su riƙa kafa tebur ranar kasuwa suna auna jini da suga. 'Yan'uwana masu shayi kuma, ku riƙa tambayar mutum cokali nawa yake so kafin ku zuba. Kuɗin da za a bai wa mai lasifika, a sayi bargo da shi a bai wa almajiri ko tsohuwar da take maƙwabtaka, ya fi lada ya fi amfani. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah Ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya fitar da mu wannan hunturu lafiya, amin.

Naku a kullum,
Wani manomi ɗan tireda,
daga Jihar Kano.